Kunnen da Inna Ta Bari

Ranar sunan 'yar Zainab ina zaune a ɗaki ana ta shige da fice, sai na jiyo muryar Kabiru daga tsakar gida yana ba abokansa labarin kunnena. Wai kakarsu ce ta warkar da ni da maganin gargajiya, likitoci suka ga an fi su, suka kore ni daga asibiti don baƙin ciki. Har dariya aka yi, wani ya ce ai haka 'yan boko suke. Ban ce komai ba, don ba a ƙaryata ɗa a gaban abokansa, amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Shekara da shekaru labarin nan yana yawo a gidan nan, kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri, ni kuma na yi shiru saboda ya fi na gaskiyar daɗin ji. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara ja da baya, ba na so in tafi in bar ku da shi. Zainab, Kabiru, da ke auta Ummi, babu wanda ya kore ni. Ga yadda aka yi.

Kun taso kun gan ni da ɗaurin ɗankwali har kan kunne, kun ɗauka haka Allah ya yi ni. Da kunnuwana lafiya lau suke. Hujin da aka yi mini ina jaririya ya toshe tuntuni, domin mahaifiyata ta rasu ina da shekara uku, babu wanda ya kula ya saka mini ko tsinke. Sai da aka kawo lefe aka ga 'yan kunne na zinare masu ƙananan ganye uku-uku, ƙawayena suka ce ba zai yiwu amarya ta shiga ɗaki kunne fayau ba. Wata maƙwabciya ta ɗora allura a wuta ta huda ni, ana shewa ana dariya. Sau huɗu na saka 'yan kunnen nan a duniya. Kafin in haifi Zainab wani ɗan abu ya fito a bayan kowane kunne kamar ƙwayar gero, ya zama kamar gyaɗa, ya zama kamar goro, mai tauri da sheƙi, ga ƙaiƙayi da zarar hadari ya haɗo. Mu dai tsiro muke ce masa. Daga baya na ji likitoci suna cewa kiloyid, wai tabo ne da bai san inda ake tsayawa ba: rauni ya warke, shi kuma ya ci gaba da gini. An taɓa yanke mini su sau ɗaya kuna ƙanana. Suka dawo sun ninka, kamar an yi musu kirari.

Shekara ashirin da biyu ina buga takardu a ma'aikata, tun ana tafireta har aka koma kwamfuta, babu abokin aikin da ya taɓa ganin kunnena. Na ƙware a ɗauri har 'yan ofis suka sa masa suna ɗaurin Rakiya, wasu 'yan mata suna zuwa in koya musu, ba su san labule na kafa ba. Babanku kuwa tsokana ya mayar da abin. Idan na ce ya maimaita magana sai ya ce ai dole, sai an yi sallama sau uku kafin a shiga kunnena. Ina dariya, amma abin yana ci na. Akwai mafarkin da na yi ta yi a shekarun nan, guda ɗaya ne ba ya canzawa. In gan ni tsaye a bakin kogin Kaduna da hantsi, ɗankwalina ya zame baya, iska tana shafa mini bayan kunne, ganyayyakin zinaren nan suna 'yar ƙara siririya. Babu kowa a wurin, babu abin da yake faruwa. Iskar kawai. In farka in taɓa, in ji goro biyu suna nan inda na bar su.

Wadda ta kawo maganar binciken ita ce Sista Ladi, maƙwabciyarmu ta bayan katanga a nan Unguwar Rimi. Kun san ta, ita ce mai aiko mana shinkafa da cincin ranar Kirsimeti, mu aika mata nama ranar layya. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita kaɗai ce a waje da ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin ɗaurin. Wata Asabar ta shigo ina tankaɗe, ko zama ba ta yi ba.

"Maman Zainab, akwai wani likitan fata a wurinmu, yana neman masu irin naki. Amma fa sai mai guda biyu, hagu da dama."

"Ikon Allah. Yau kuma abin nawa ne ya zama na nema?"

"Ki zo kawai ki ji da kunnenki. In bai yi miki ba, ki kama hanya, ba wanda zai riƙe ki."

Sunansa Dakta Aminu, siriri mai tabarau, a haife na girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce in kwance ɗankwalin. Na kwance ina kallon ƙasa, ina jiran irin ajiyar numfashin da mutane suke yi. Bai yi ba. Ya duba su a natse, ya auna su da wani ɗan ƙarfe mai baki kamar hantsaki, ya rubuta. Sannan ya ja kujera ya yi mini bayani dalla-dalla, har yau ina iya maimaita shi.

"Hajiya, yankewa ba wuya, hana shi dawowa ne aikin. Akwai allurar da muka daɗe muna yi a cikin tabon bayan an yanke, tana yi wa wasu, ba ta yi wa wasu. Akwai kuma wani haɗi da muke zaton zai fi ta, amma zato ba sani ba ne. Idan na ba ki ɗaya na ba wata ɗaya, jikinku ba ɗaya ba ne, ba zan gane ko maganin ne ko jikin ba. Ke kuwa Allah ya ba ki kunne biyu a jiki ɗaya. Wannan zai sami tsohuwar, wancan ya sami sabon haɗin."

"Wanne zai sami wanne?"

"Ni ma ban sani ba, kuma ba a so in sani, don kada idona ya yi son kai wajen awo. Yana rubuce cikin ambulan a wurin mai haɗa magani. Sai shekara ta cika za a buɗe."

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada komai ya taɓa kunnuwan nan sai ruwa da sabulu. Ba mai, ba toka, ba maganin maƙwabta. Aka ba ni takardar yarda, na karanta ta tas irin karatun mai buga takardu, har na nuna masa inda aka tsallake harafi. Ya yi dariya ya ce da duk masu zuwa irina ne da ya huta. Na sa hannu. Daga ranar sunana a wurinsu ya zama lamba goma sha bakwai. Aka yanke tsiron duka biyu, aka ɗinke. Kowane wata in hau keke napep in je, a fito da allurai biyu an naɗe su da filasta don kada a ga launin ruwan, ɗaya an rubuta hagu, ɗaya dama. Zafin allurar nan ba a magana, kamar ana tura barkono a cikin dutse. Bayan haka a auna, a ɗauki hoto, a tambaye ni ƙaiƙayi. Wata uku na farko ina tafiya kamar ba a ƙasa nake ba. Kaina ya yi sakayau. Idan kuka tafi makaranta sai in rufe ƙofa, in ɗauko 'yan kunnen, in kara su a gefen kunnena a gaban madubi, in daɗe ina kallon matar da ke ciki.

A farkon daminar shekarar ne babanku ya ɗauko Inna daga ƙauye, saboda yanar ido ta rufe mata gani, zaman ita kaɗai ya gagara. Ku kun san ta a matsayin kaka mai ba ku ƙuli-ƙuli, ni kuwa surukata ce, kuma kun san abin da ke tsakanin mace da uwar mijinta a gidaje irin namu. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa zama a tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa ɗaga ido na kalle ta sosai ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, 'yar nan take ce mini. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, amma kunya ma katanga ce. Duk rayuwarta kaɗi ta yi. Yatsunta biyu, babba da manuni, sun yi kanta saboda murza mazari, ko tana zaune haka nan za ka ga suna murza iska.

A wata na huɗu kunnen hagu ya fara ja. Ya ɗau zafi, ya yi tauri, na ji wannan tsohon ƙaiƙayin da na sani kamar muryar maƙiyi. Likita ya ce a jira a gani. Ni kuwa na san abin da zan gani, na taɓa gani. Ran nan bayan la'asar na kai wa Inna kunu a gindin mangwaro, an yi ruwa an ɗauke. Na durƙusa na miƙa mata kofi, ta miƙo hannu tana lalube, sai ya sauka a kumatuna. Maimakon ta janye, sai yatsun suka bi gefen fuskata suka shige ƙarƙashin ɗankwali.

"Mene ne wannan yake huci haka?"

"Ba komai, Inna. Aikin asibiti ne."

"Ummi, ɗauko mini 'yar battar nan ta cikin kwalla. Ke kuma kwanta."

Kuna iya cewa me ya hana ni yi mata bayanin sharaɗin likita. Na sha gaya wa kaina kunya ce, wai ba a ce wa suruka a'a. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Na kwanta a kan gefen dama, na ɗora kaina a cinyarta, kunnen hagu yana sama. Zaninta yana ƙanshin hayaƙi da daddawa. Ta lakato abin da ke cikin battar, man kaɗe ne da garin bagaruwa, ta yi tofi, ta kama fatar kunnena tsakanin yatsun kaɗin nan ta fara murzawa, a hankali amma da ƙarfi, ba ta sassautawa. Ganyen mangwaro yana ɗigo mana sauran ruwa. Daga nesa ana jin motocin da suka nufi Kawo, can ƙasa-ƙasa kamar kogi. Tana wani ɗan gunguni a maƙogwaro, ba waƙa ba, ba magana ba. Ina da shekara arba'in da huɗu a lokacin, kuma ban taɓa sanin yadda kai yake ji a kan cinyar uwa ba. Sai ran nan. Na rufe ido na ga kogin nan na mafarkina, na ji iskar, ido biyu. Ban tashi ba sai da aka kira magariba.

Washegari da na dawo daga aiki na ce ba zan je ba. Ana idar da la'asar na ji ta ce, "Ina 'yar nan?" Ƙafata ce ta kai ni. Haka muka yi ta yi kullum, har damina ta wuce, kaka ta shigo. A wannan kwanciyar ne ta ba ni labarin ƙuruciyarta, da 'ya'ya huɗun da ta binne kafin babanku ya tsaya, da yadda ake gane audugar da za ta yi zare mai kyau tun tana hannu. Wani lokaci ba ta cewa komai, ni ma haka, sai yatsun kawai. Nakan rasa ko barci nake ko farke. Na taɓa tambayarta na dama fa? Ta ce, "Mu gama da wannan tukuna. Ni ban taɓa kaɗa mazari biyu a lokaci ɗaya ba."

Kowane wata kuwa, bayan an gama awo, Dakta Aminu yakan ɗaga biro ya yi tambayar da ke ƙasan takardarsa.

"Hajiya, an shafa wani abu? Wani ya taɓa wurin?"

"A'a, likita. Ruwa da sabulu."

Sau biyar ya tambaye ni, sau biyar na faɗi haka. Ranar asibiti nakan wanke kunnen sau uku don kada ya ji ƙanshin man kaɗe. Kunnen hagu kuwa ya kwanta luf, jan ya tafi, ya yi laushi kamar na jariri. Na dama da aka bari da allura kaɗai sai ya fara tasowa, ƙwayar gero, sannan gyaɗa. Likita yakan jera hotunan biyu ya yi ta kallo, fuskarsa tana haske. Ya ce a duk waɗanda yake dubawa babu inda bambanci ya fito fili kamar a wurina, ɗaya daga cikin magungunan nan yana magana da babbar murya a kunnena na hagu. Nakan yi murmushi kawai.

Abin da ya karya ni a cikin keke ya faru. Mun taso daga asibiti tare da Sista Ladi, mun tsaya a cunkoso, sai ta dafa gwiwata. Tana da 'ya, Rifkatu, wadda ƙurji ɗaya ya fito mata a ƙirji ya zama tsiro mai faɗin tafin hannu, yarinya tana jami'a ba ta iya saka riga sai mai wuya har maƙogwaro.

"Maman Zainab, ni fa kunnenki nake jira. Na hana a taɓa Rifkatu. Ranar da aka buɗe ambulan, duk maganin da ya yi wannan aiki na hagu, shi za a yi mata. Kullum ina sa ki a addu'a, Allah ya sani."

Na kalli titi. A duk shekarun da na yi ina buga takardu, kuskure ɗaya ne na yi da ba na mantawa. Takardar canjin wurin aiki ce ta wani malamin makaranta, na buga sunan wani gari a maimakon wani. Shugaba ya sa hannu, aka buga hatimi, bawan Allah ya kwashe iyalinsa da awakinsa ya tafi inda ba a aike shi ba. Babu wanda ya dawo ya tambayi mai bugawa, domin abin da ya shiga takarda ya zama gaskiya, wani ya kwafa, wani ya kwafa daga wanda ya kwafa. A cikin keken nan na gane cewa ni ce nake buga takardar Rifkatu, kuma da gangan nake sa sunan garin da ba shi ba.

Na sami babanku yana wanke mota na gaya masa komai. Ya daɗe yana matse tsumma. Ban taɓa ganin ya rasa abin tsokana ba sai ran nan.

"Kunnenki ne," ya ce, "amma kuma uwata ce. Duk wanda kika zaɓa, ki yi shi a fili."

Rabin shawararsa na ɗauka, rabin da na bari shi ya ci ni. A zuwa na gaba, da likita ya ɗaga biro, na ce masa ya ajiye, akwai magana. Na faɗa masa tun daga ranar kunu har jiya. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na ga ran yaron nan ya ɓaci ƙwarai, amma bai ɗaga mini murya ba.

"Hajiya, kin zubar mini da aikin wata goma. Amma da kin yi shiru, da na kowa kika zubar. Na gode."

Ya ja layi a kan lamba goma sha bakwai, ya rubuta dalili a gefe. Ya ce awona ba zai shiga lissafi ba, sai sun nemi wata mai kunne biyu sun fara da ita daga farko, amma ni zan ci gaba da zuwa ana duba ni kamar kullum. Kun ji korar da aka yi mini ke nan, Kabiru. Abu ɗaya ya roƙa, in kawo masa battar ya ga abin da ke ciki ya rubuta. Nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Maimakon in durƙusa gaban Inna in gaya mata, sai na jira ta shiga sallar walaha, na buɗe kwallarta na ɗauke battar, da niyyar in mayar kafin la'asar. Likita yana ɗakin tiyata, ban same shi da wuri ba. Da na dawo na tarar da ita a gindin mangwaro, kwallar tana gabanta a buɗe, ta fito da komai ta jera a tabarma tana lalube.

Na durƙusa na sa mata battar a hannu. Na yi bayani, na likita, na ambulan, na sharaɗi, na Rifkatu. Tana ji, yatsunta suna zagaya murfin.

"Yana tambayarki ko wani ya taɓa wurin?"

"Yana tambaya, Inna."

"Sau nawa?"

"Sau biyar."

"Sau biyar kika ce ba wanda ya taɓa ki."

Ba tambaya ba ce. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta mayar da kayanta cikin kwalla ɗaya bayan ɗaya, battar a can ƙasa, ta rufe. Washegari aka idar da la'asar na zauna a bakin ƙofar kicin ina jira a ce ina 'yar nan. Ba a ce ba. Na kai kunu, ta miƙo hannu biyu daga nesa ta karɓa, ta ce Allah ya yi albarka. Katangar nan ta koma inda take, har ta fi da tsawo, domin yanzu na san abin da ke bayanta. Na yi kuka a watannin nan fiye da kukan da na yi a kan tsiron shekara ashirin.

Da shekara ta cika aka buɗe ambulan, Dakta Aminu ya kira ni, ya ce ina da hakkin in sani. Kunnen hagu tsohuwar allura ya samu, wadda kowa ya sani. Sabon haɗin a na dama aka yi, wanda ya sake tsirowa. Da na yi shiru, da kunnuwana sun tsaya a takarda suna rantsuwa a kan abin da ba su gani ba. Ya tambaye ni yadda Inna take yi, da tsawon lokacin. Na ce daga la'asar zuwa magariba, kullum, tana matsawa ba sassauci. Ya gyaɗa kai ya ce an san matsi yana taimaka wa irin wannan tabo ya kwanta, har akwai 'yan kunne na musamman da ake yi don su riƙa matse wurin.

"To yatsun ne, likita?"

"Wataƙila yatsun ne. Wataƙila allurar ce, ko man, ko duka, ko kuma da ma zai kwanta da kansa. Ban sani ba, Hajiya, kuma ba zan ce na sani ba."

Abin da suka samu a kan sauran mutanen ba nawa ba ne in faɗa, ban ma riƙe shi daidai ba. Na dai san an yi wa Rifkatu nata aikin bisa abin da ya fito daga kunnuwan da ba su yi ƙarya ba, kuma na je bikinta. Ranar da aka buɗe ambulan ɗin na dawo gida na gaya wa Inna cewa likita ya ce wataƙila hannunta ne. Ta ce, "To." Ta ci gaba da jan carbi.

Da bazara ciwon ajali ya kwantar da ita. Ni nake juya ta, ni nake goge mata jiki, tunda ba ta da 'ya mace. Wata rana da azahar na sunkuya zan gyara mata matashi, sai na ji hannunta a kumatuna, ya bi hanyar da ya bi ran farko. Ta shafa na hagu, sumul. Ta zagaya ta kama na dama, ta auna shi da yatsu, ya kai goro.

"Wannan na bari," ta ce.

Hannunta yana kan kunnen ta ci gaba.

"Da kin gaya mini tun farko, 'yar nan, da ni zan ce ki faɗa masa. In ya ce a bari, a bari, ki zo ki kwanta haka nan. Ni ba ɓarauniya ba ce da za a ɓoye ni." Ta numfasa. "Ɗauko battar."

Na ɗauko. Na kwanta a gefen hagu a bakin katifarta, na ɗora kaina a hankali don kada in yi mata nauyi. Ta lakato man, ta kama kunnen tsakanin yatsun nan biyu. Na jira murzar, ba ta zo ba. Ƙarfin ya ƙare. Riƙewa kawai ta yi, muna nan a haka har aka kira la'asar. Kwana uku bayan nan ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta.

Kun sha yi mini magana in je a sake cire na daman, kun ce yanzu an ci gaba, akwai hanyoyin da babu su a da. Na yarda an ci gaba, kuma na san da irin su lamba goma sha shida da goma sha takwas aka ci gaban, waɗanda suka riƙe ruwa da sabulu. Duk wanda abin ya fito masa a cikinku ya je, kuma in an tambaye shi ya faɗi abin da ya shafa. Zainab, kada ki bari a huda jaririyar nan sai kin tambayi likita, domin abin yana bin jini. 'Yan kunnen zinaren suna cikin kwallar Inna tare da battar, a kai wa maƙeri ya mayar mata da su abin wuya. Ni dai nawa na bar shi. Ranar da ke da Ummi za ku yi mini wanka, za ku kwance ɗaurin Rakiya ku ga kunne ɗaya sumul, ɗaya da goro. Kada ku ce likita ne ya kasa. Wanda Inna ta bari ne, kuma ni na sa ta bari.